Yadda ake zuba daɓen siminti ya fito lebur

Daɓen da ake nufi a nan shi ne shimfiɗar siminti da yashi da ake zubawa a kan kankaren ƙasan ɗaki, kankaren nan da magina ke kira jaman fulo, domin a samu fuskar da za a ɗora tayil ko ledar ɗaki a kai, ko a bar ta haka a riƙa takawa. Ba shi ke ɗaukar nauyin gini ba. Aikinsa kawai ya cike kwari ya shafe tudun da kankare ya bari. Yawancin daɓen da ke fitowa a karkace ba wurin jan kwaɓi aka ɓata shi ba, tun kafin a farke buhun siminti aka ɓata shi, lokacin da aka ƙi tsayawa a fitar da layin awo a jikin bango. Tun ran gini ran zane. Shi ya sa a kan awo za mu fi daɗewa.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne renji, wato miƙaƙƙen ƙarfen alminiyom mai tsawon mita 2 zuwa 3 da ake jan kwaɓi da shi don fuska ta daidaita. Wasu na amfani da katako, amma katako yana shan ruwa ya lanƙwashe, kuma duk lanƙwasar da ke jikinsa sai ta fito a daɓe. Kafin fara aiki ka ɗaga renjin ka sa ido ɗaya ta tsawonsa, ko ka ja zare daga wannan baki zuwa wancan ka gani ko akwai tazara a tsakiya.

Sai lebur mai ƙwayar iska, gara mai tsawon mita 1.2 a kan ɗan guntu. Shi ma yana ƙarya, musamman wanda ya sha faɗuwa. Gwajinsa ba wuya: ɗora shi a wuri ɗaya ka duba inda ƙwayar ta tsaya, sannan ka juya shi, dama ta koma hagu, a daidai wurin. Idan ƙwayar ta canja mazauni, a ajiye shi.

Ana kuma buƙatar tiyo garai-garai wanda ake ganin ruwa a cikinsa, mai faɗin milimita 8 zuwa 10 da tsawon mita 10 zuwa 15, ko na'urar leza ga mai hali. Sauran su ne tef na awo, zare da ƙusoshin kankare, fensir, cokalin magini, magogin katako, faffaɗan cokalin ƙarfe na gyaran fuska, shebur, kwanon sarki, baro, ragar tace yashi, guduma da kurfi, tsintsiya mai ƙarfi, da leda mai kauri ta rufewa. Takalmin roba da safar hannu ba ado ba ne. Ɗanyen siminti yana cin fata, kuma wanda ya yini a durƙushe a kansa da jiƙaƙƙen wando zai iya tashi da ƙuna a gwiwa ba tare da ya ji zafi a lokacin ba.

Layin mita ɗaya

Da farko a yanke shawarar inda fuskar ƙasa ta ƙarshe za ta tsaya, wato saman tayil bayan an gama komai. Ba a zaɓar wannan da ka. Abubuwan da ba sa motsi su ke faɗar sa: dokin ƙofar shiga, firam ɗin ƙofofin da aka riga aka kafa, matakalar bene ta farko, da tsayin ƙasar waje, domin ruwan damina kada ya samu hanyar shigowa. Idan an tsayar da wannan, sai a auna mita ɗaya cif daga nan zuwa sama a yi alama a bango. Wannan alama ita ce uwa, kuma guda ɗaya ce tak a gidan gaba ɗaya.

Daga uwar alama ake kai awo kowane lungu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka daga falo zuwa ɗaki, daga ɗakin zuwa na gaba, daga na gaba zuwa banɗaki. Kowane ɗauka yana iya zuwa da kuskuren milimita 2 ko 3, su yi ta taruwa, a ƙarshe a tarar da tudun santimita guda a bakin wata ƙofa. A riƙa komawa ga uwar alama muddin tiyo zai kai.

Aiki da tiyo na mutum biyu ne. A cika shi ta hanyar zuƙo ruwa daga bokiti, a bar shi ya yi ta zuba har kumfar iska ta ƙare, domin kumfa ɗaya mai tsawon yatsa ta isa ta ɓata awon. Ana iya sa ɗan bula a bokitin don a riƙa ganin ruwan sosai. Sai a haɗa bakunan biyu gefe da gefe: idan ruwan bai tsaya daidai a duka biyun ba, akwai iska ko wani wuri ya lanƙwashe. Mutum na farko ya tsaya a uwar alama, na biyu ya tafi kusurwar da ake so. Yayin tafiya a toshe baki da babban yatsa, amma lokacin karatu dole bakunan biyu su kasance a buɗe. Na biyu ya riƙe nasa ƙam a bango, na farko ya riƙa ɗaga nasa ko sauke shi har ruwan ya zauna a kan alama. A jira ruwa ya daina rawa, sannan na farko ya yi magana, na biyu ya yi alama. Fuskar ruwa a cikin tiyo tana da ɗan lotsawa, don haka su biyun su yarda su karanta ƙasan lotsawar. Kada a bar rabin tiyo a rana rabi a inuwa, saboda ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, kuma hakan na kawo bambanci, balle a bazara.

Leza ta fi sauri, mutum ɗaya ma ya isa. Irin wadda ake sayarwa ga masu gini tana daidaita kanta idan karkatar mazauninta ba ta wuce wajen digiri 4 ba, kuma kuskurenta na kaiwa kamar milimita 3 a tazarar mita 10. Koren haske ya fi ja fitowa a wuri mai haske. Amma na'urar da ta taɓa faɗuwa tana iya ba da layi kyakkyawa a karkace, don haka a gwada ta da tiyo lokaci-lokaci. Tiyon da babu iska a cikinsa ba ya lalacewa ta wannan hanya.

Idan alamu sun zagaye ɗaki, a haɗa su da zare mai alli ko da renji da fensir, layi ya fito a bango huɗu.

Yanzu lissafi. A ce kaurin tayil milimita 10 ne, gam ɗinsa kuma 5. Ke nan saman daɓe zai tsaya milimita 1015 a ƙarƙashin layi. Sai a auna daga layi zuwa kankare a wurare da yawa: kusurwoyi, tsakiyar kowane bango, da tsakiyar ɗaki, inda ake ɗaure zare tamau daga bango zuwa bango a kan layin a auna daga zaren. A rubuta kowane adadi a ƙasa da alli. Inda adadi ya fi ƙanƙanta nan ne tudu. Idan mafi ƙanƙanta 1045 ne, mafi girma 1070, to daɓen zai yi kaurin milimita 30 a kan tudu, 55 a kwari. Wannan ya yi. Idan kuwa tudu ya bar ƙasa da milimita 25, wato inci ɗaya, sai dai a fasa tudun da kurfi ko a ɗaga ƙasan gidan duka, kuma fasa tudu ɗaya ya fi araha nesa ba kusa ba.

Shirya kankare

Daɓe iri biyu ne aka fi yi a gidaje. Akwai wanda ke manne da kankare, kaurinsa yawanci milimita 25 zuwa 40. Akwai wanda ake raba shi da kankare da shimfiɗar leda, ko don danshi na tasowa daga ƙasa ko don kankaren ya sha mai ba zai kama ba. Wannan kada ya gaza milimita 50, tunda da nauyinsa da ƙarfinsa kaɗai zai zauna. A haɗa ledar da ninkin santimita 15 ko fiye, a ɗaga gefenta a jikin bango.

Ga mai mannewa, tsafta ita ce komai. A ɓamɓare duk busasshen kwaɓin da ya zubo lokacin fulasta, a cire ƙasa da fenti da mai. Kankaren da ya yi sulɓi a sassare shi da guduma ya yi kaushi. A share, a wanke, a jiƙa shi tun daren jiya. Da safe a kwashe ruwan da ya kwanta, a bar kankaren da laima amma ba ya ƙyalli. Busasshen kankare yana tsotse ruwan kwaɓi daga ƙasa kafin siminti ya kama, shi ne asalin daɓen da ke ƙarar fanko bayan wata biyu.

Bututun wuta ko na ruwa da ya ratsa ƙasa a ɗaure shi kada ya motsa, a tabbata akwai aƙalla milimita 25 na daɓe a kansa, a kuma shimfiɗa 'yar ragar waya a samansa. In ba haka ba tsaga za ta bi shi tiryan-tiryan. Bututun ruwa a gwada shi kafin a binne.

Geji

Geji ƙananan tuddan kwaɓi ne da ake kafawa, samansu daidai da inda saman daɓe zai tsaya. A ɗora cokali biyu na kwaɓi, a dasa guntun fasasshen tayil a kai, a riƙa ƙwanƙwasa shi a hankali har awo daga layi ya ba da 1015. A fara da na kusurwoyi, kamar santimita 20 zuwa 30 daga bango, sannan na tsakani. Tazarar geji da geji ta gaza tsawon renji: mai renjin mita 2 ya sa su a kan mita 1.5 zuwa 1.8, domin bakunan renji su samu wurin hawa. Kowane geji daga layin bango ake auna shi, ba daga maƙwabcinsa ba. Bayan an gama sai a ɗora renji da lebur a tsakaninsu, tsaye da kwance da kuma a gicciye, don kama wanda ya kauce.

Daga nan hanya biyu ce. Ko a haɗa geji da geji da zirin kwaɓi mai faɗin tafin hannu, a danna shi sosai a ja shi daidai da samansu, ya zama layin da renji zai hau. Ko a kwantar da ƙarfen bututu mai kusurwa huɗu a kan tuddan kwaɓi a daidaita samansa. Ƙarfe ya fi sauƙi ga wanda hannunsa bai faɗa ba, tunda renji ba ya cin sa, sai dai dole a zare shi tun daɓe na ɗanye a cike gurbinsa. Zirin kwaɓi kuwa a yi shi a ranar da za a zuba. Wanda ya kwana ya bushe ba ya haɗewa da sabo, kuma nan tsaga ke fara fitowa.

Kwaɓi

Yashin kogi mai kaushi ake so, ba mai laushin da ake fulasta da shi ba. Mai laushi yana cin ruwa da yawa, ya tsuke wurin bushewa, ya tsattsage. A tace shi da raga don cire tsakuwa da itace. Idan ana shakkar laka a cikinsa, a zuba shi a kwalba zuwa rabi, a ƙara ruwa da ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye awa uku. Laka za ta kwanta a saman yashin. In yashi ya kai santimita 10 lakar ta wuce milimita 8, a wanke shi ko a nemi wani.

Ma'aunin da aka saba shi ne siminti ɗaya yashi huɗu ga ɗakin da za a sa wa tayil, siminti ɗaya yashi uku ga wanda za a bari tsirara ko wurin da ake jan kaya. Buhun siminti mai kilo 50 yana cika kwanon sarki biyu, baro kuma yana cin kamar kwano huɗu. Ke nan ɗaya da huɗu shi ne buhu ɗaya da kwano takwas, ko baro biyu a shafe ba a tsiri ba. Ɗaya da uku kuma buhu ɗaya da kwano shida. Awo da shebur ba awo ba ne, domin sheburin safe da na la'asar ba ɗaya suke ba. Ƙara siminti fiye da ɗaya da uku ba ya ƙara kyau, ƙara tsagewa yake.

Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, wato mita 3.6 kowane gefe, murabba'in mita 13 ne. A kaurin milimita 40 zai ci kusan buhu 4 da baro 8 na yashi a ma'aunin ɗaya da huɗu. A sayi buhu 5, saboda ruwan simintin da za a goga a kan kankare da geji da abin da ke zubewa. A tuna cewa matsakaicin kauri ake lissafi da shi, daga adadin nan da aka rubuta a ƙasa da alli. Buhun da ya yi ƙulalai masu tauri da ba sa farfashewa a hannu ya sha danshi, kada a sa shi.

A juya yashi da siminti a bushe sau uku har launi ya zama ɗaya, sannan a riƙa yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan. Nan ne magini da lebura suka fi saɓawa, domin kwaɓi mai ruwa ya fi daɗin ɗauka da bazawa. Amma na daɓe ya kamata ya zama kamar dambu: ka damƙa a hannu ya dunƙule ya tsaya, ruwa bai fito ta tsakanin yatsu ba. In ya wargaje, ruwa ya yi kaɗan. In ya ɗiga, ya yi yawa. Ruwan da ya wuce kima yana ƙafewa ya bar ramuka a ciki, daɓe ya sauka ƙasa da geji ba daidai ba, ƙarfinsa ya ragu. Yashin damina da ya jiƙe yana ɗauke da nasa ruwan, kuma yana kumbura a kwano, don haka a rage ruwan da ake ƙarawa.

A kwaɓa abin da za a iya gamawa cikin minti 30 zuwa 45 a lokacin zafi. Wanda ya fara kamawa a zubar, kada a farfaɗo da shi da ruwa.

Zubawa da ja

A fara daga bangon da ya fi nisa da ƙofa, a riƙa ja da baya. Ga daɓe mai mannewa, a dama siminti zalla da ruwa ya yi kauri yadda zai kama tsintsiya, a goga shi cikin kankare a iya wurin da za a rufe cikin minti 10 zuwa 15. In ya bushe kafin kwaɓi ya hau, ya zama shamaki maimakon gam. Akwai ruwan gam na musamman da ake ƙarawa a ciki, yana taimakawa a kan tsohon kankare. A bi ma'aunin da ke jikin jarkarsa.

A zuba kwaɓi tsakanin layuka biyu ya ɗara su da kamar santimita ɗaya, sannan a danna shi da magogi ko da katako mai nauyi har ya daina nutsewa. Wannan danna ita ce aka fi tsallakewa. Daɓen da ba a danna ba samansa na iya yin kyau, ƙasansa kuwa gari ne, ranar da aka ɗora ƙafar gado mai nauyi sai ya burma. A kula da kusurwoyi da gindin bango musamman. Inda kauri ya wuce milimita 50 a zuba hawa biyu, a danna na farko, a ɗora na biyu nan take.

Sai ja. A kwantar da renji a kan layuka biyu, a riƙa zuga shi dama da hagu ana jawo shi baya sannu-sannu, yana yanke abin da ya yi yawa. Kada a danne tsakiyarsa, zai lanƙwasa ya yi kwari. Inda ya bar rami a cike, a danna, a sake ja. Bayan kowace mita guda a ɗora renji ta fuskoki daban-daban a leƙa ƙarƙashinsa, a cire guntayen tayil na geji a cike gurbinsu.

Idan za a sa tayil, magogin katako ya wadatar: a goga a kewaye har fuska ta rufe, a bar ta da ɗan kaushi don gam ya kama. Idan za a bar daɓen tsirara ko a sa ledar ɗaki, a jira ya ɗan ja, yadda yatsa zai bar 'yar alama kawai, sannan a bi shi da cokalin ƙarfe. Al'adar barbaɗa busasshen siminti a sama don ya sha ruwa ya yi ƙyalli tana faranta wa mai gida rai a ranar, amma wannan ɓawon siminti zalla ne, yana tsukewa fiye da na ƙarƙashinsa, ya yi ƙananan tsage-tsage ya fara ɓarewa. In har fuska ta kwanta da ruwa, kwaɓin ne ya yi ruwa tun farko.

A yi ƙoƙari a gama ɗaki a rana ɗaya. In ba zai yiwu ba, a tsaya a miƙaƙƙen layi a yanke gefen tsaye. A bakin kowace ƙofa a tsaga layi da bakin cokali, zurfin kamar kashi ɗaya cikin uku na kauri, don in tsaga za ta zo ta bi nan. Babban falo da ya wuce murabba'in mita 40 ko tsawon mita 8 a raba shi kashi-kashi.

Banɗaki da baranda ba lebur ake so ba, gangara ake so. A ba su santimita 1.5 zuwa 2 a kowace mita zuwa makwarari. Gejin farko a bakin makwararin ake kafa shi, sauran su riƙa hawa daga nan: bangon da ke nisan mita 1.5 zai fi shi tsayi da kamar milimita 25. Ƙasan banɗaki kuma ya sauka da santimita 2 daga na ɗaki a bakin ƙofa.

Ban ruwa da dubawa

Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma haɗuwar na ɗaukar kwanaki. Da zarar fuska ta yi taurin da leda ba za ta ɓata ta ba, a rufe ta ruf, a danne gefuna, a bar ta kwana 7. In babu leda, a shimfiɗa buhunan algarara a riƙa jiƙa su safe da yamma. A hunturu iska ta fi rana ɓarna: ɗakin da babu gilashi a tagoginsa, iskar Disamba da Janairu za ta busar da saman daɓe cikin awanni, gefuna su ɗaga, sama ya riƙa zubar da gari. A toshe tagogi da ƙofofi tun kafin a fara zuba.

Ana iya takawa a hankali bayan kwana biyu, amma baro da tarin bulo su jira mako. Tayil ya jira mako uku, lokacin da yawancin tsukewa ta wuce. Ledar ɗaki da katako sun fi tsoron danshi, kuma ƙa'idar da ake bi ita ce kwana ɗaya ga kowane milimita na kauri har zuwa 40, ko da yake rani na gaggauta shi, damina na jinkirta shi. Don tabbatarwa a manne leda mai faɗin rabin mita a ƙasa da salatif ta kowane gefe, a bari ta kwana. In an ga raɓa a ƙarƙashinta ko wurin ya yi duhu, da sauran lokaci.

Kafin mai tayil ya shigo, a ɗora renjin mita 2 a wurare da dama a auna tazarar da ke ƙarƙashinsa. Milimita 3 aiki ne mai kyau, kuma shi manyan tayil ke buƙata. Milimita 5 ya wadatar ga ƙanana. A kuma ja guntun rodi a ƙasa ana saurare. Inda ya yi ƙarar fanko kuma da tsaga, a yanke wurin a fasa, a sake shi da ruwan siminti. A banɗaki a zuba bokitin ruwa a ga inda ya nufa.

Ƙaramin tudu ana goge shi da dutsen garanda. Kwarin milimita 5 ko 10 kuwa kada a cike shi da kwaɓin yashi da siminti, ya yi siriri, zai ɓare, a yi gyaran gangar Auzinawa. Wannan aikin wani gari ne na musamman mai kwanciya da kansa da ake sayarwa a buhu: a shafa ruwan share fage da ya zo da shi, a dama da adadin ruwan da aka rubuta ba ƙari, a zuba a baza cikin minti 20 ko ƙasa da haka, a bi da abin birgima mai ƙayoyi don fitar da kumfa. Yana da tsada, kuma ba a zuba shi inda ake son gangara, domin zai gudu ya taru a bakin makwarari.